Karatun Da Ba A Yi A Aji: Zaman Ɗalibi Cikin Mutanen Alƙahira

 

Kowace shekara samarinmu suna fita neman ilmi zuwa ƙasashen Larabawa, waɗansu Madina, waɗansu Maroko, waɗansu kuwa Masar. In sun komo akan tarye su da murna, a tambayi shahadar da suka samo da darajar da suka ci. Amma akwai tambaya guda wadda ba a cika yi musu ba, alhali kuwa ita ce ke nuna irin malamin da aka samu. Watau a ce da shi: a cikin shekarun nan da ka yi, ka zauna da mutanen ƙasar kuwa? Ka shiga gidajensu, ka ci abincinsu, ka raka gawarsu, ka san abin da ke sa su dariya da abin da ke hana su barci? Mun san waɗanda suka yi shekara bakwai a Alƙahira, ba su taɓa cire takalmi a ƙofar gidan Bamisire ko sau ɗaya ba. Ra'ayinmu shi ne irin wannan ɗalibi rabin abin da ya je nema ya ɗauko. Za mu kafa hujja da Alƙahira, domin a nan muka yi namu zaman cikin shekarun 1990, ita muka sani.

Zuwan mutanen ƙasashenmu Masar domin karatu ba sabon abu ba ne. Malamin tarihi Maƙrizi ya ambaci wata makaranta ta Malikawa a tsohon birnin Fusɗaɗ, ana ce da ita makarantar Ibnu Rashiƙ, wadda aka gina da dukiyar mutanen Kanem bayan shekara ta 640 ta Hijira, suna sauka a cikinta in sun zo. A masallacin Azhar kuwa, wanda aka fara gininsa a shekarar 970 ta Miladiyya aka fara sallar Juma'a a ciki a 972, kowace al'umma tana da sashenta da ake kira ruwaƙi: akwai na Magaribawa, da na mutanen Sham, da na Turkawa, da na Jawa, akwai kuma na Barnawa. Ɗalibi a can yake kwana, a can yake ajiye littattafansa, ana ba shi rabon gurasa daga dukiyar waƙafi. To, abin lura shi ne Azhar a tsakiyar kasuwa take. Wanda ya fito daga ƙofarta, kafin ya yi taku ɗari ya gamu da mai sayar da turare da mai ɗinkin littafi da mai tura amalanke. Ɗalibin wancan zamani ba shi da hanyar guje wa mutane ko da ya so.

A 1959 aka buɗe Madinatul Bu'us a unguwar Abbasiyya, watau birnin baƙin ɗalibai, mai katanga da ƙofa da masu gadi, da ɗakin cin abinci da masallaci duk a ciki. Lalle wannan alheri ne babba, mu ma mun ci moriyarsa, ba kuwa za mu yi butulci ba. Sai dai kowane sauƙi yana da abin da yake ci. Yaro zai iya tashi da safe ya hau mota zuwa kwaleji, ya komo ya ci abinci da 'yan ƙasarsu, ya yi hira da Hausa har dare, gobe ma haka, har shekara ta zagayo. Waɗanda suka kama haya a Madinatu Nasr su ma sau da yawa sukan taru su shida ko takwas 'yan gari ɗaya, su aiko a kawo musu kuka da daddawa daga gida, su mai da ɗakin wani yanki na Kano ko Zinder. Ba mu ce miyar kuka laifi ce ba, wanda ya yi baƙunta ya san daɗinta. Abin da muke faɗi shi ne kada ƙofar ta zauna a rufe.

Abu na farko da ke korar ɗalibi daga titi shi ne harshe. Ya zo da nahawunsa, ya haddace Ajuruma, wataƙila har da Alfiyya, ya tsaya gaban mai kanti ya jero jumla da wasullanta cikakku, sai mai kanti ya dube shi ya yi murmushi, wani ma har ya ce da shi sadaƙallahul azim, kamar wanda ya gama jin tilawa. Sa'an nan a mayar masa da magana ya kasa gane ko kalma guda. Domin mutumin Alƙahira jimun yakan mai da ita “ga”, ƙaf kuwa ya mai da ita hamza, ya ce “gamal” a wurin jamal, ya ce “alb” a wurin ƙalb. Waɗansu 'yan'uwanmu daga nan sukan yanke hukunci cewa wannan ɓataccen Larabci ne, koyonsa zai lalata musu harshe. Mu kam ba mu ga haka ba. Mun ga manyan shaihunai waɗanda in sun hau mumbari ba ka jin lahani ko ɗaya a bakinsu, amma a cikin aji in mas'ala ta yi tsauri sai su sauko su warware ta da harshen kasuwa, duk ɗaliban ƙasa su gane su yi dariya, baƙon da ya ƙi koyo ya zauna yana kallo. Marigayi Shaihu Sha'arawi, wanda ya rasu a 1998, da wannan hanya ya shigar da tafsiri gidajen talakawa: ya kawo ƙa'idar balaga mai zurfi, sa'an nan ya buga mata misali da maganar manomi. Wanda ya ga wannan da idonsa ya koyi yadda zai yi wa mutanen ƙauyensu bayani da Hausar da suke ji, ba Hausar da rabinta Larabci ne ba.

Sai abinci. Misirawa suna kiran gurasa “aish”, watau rayuwa, ba kuwa da wasa suke faɗi ba. Gurasar da gwamnati ke tallafawa ƙirshi 5 ake sayar da ita a zamaninmu, ta kuwa zauna a kan wannan kuɗi tun daga 1989 har watan Yuni na 2024, sa'ad da aka mai da ita ƙirshi 20. Dalilin wannan daɗewa sananne ne: a watan Janairu na 1977 da aka taɓa tallafin kayan abinci, jama'a sun fito tituna, tilas aka janye. Wanda ya taɓa tsayawa layin gidan gurasa da sanyin asuba na watan da suke kira Ɗuba, tsakanin ma'aikacin gwamnati da tsohuwa mai 'ya'ya biyar, ya ji hirarsu, zai karanta babin hana ɓoye abinci da babin ƙayyade farashi a littattafan fiƙihu da wani ido dabam. A aji mas'ala ce ta saɓanin malamai. A bakin tanda kuwa abincin daren wani ne.

Karin kumallon talaka shi ne “ful”, waken da aka bari a wuta dare guda cikin wata tukunya mai ƙaramin baki, a zuba mai da gishiri da lemun tsami, sai “ɗa'amiyya” wadda ta yi kama da ƙosanmu. Da rana akwai “kushari”, shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake da suke kira adas, da soyayyar albasa a kai. Amma abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne yawan abin da muka tarar namu ne da wani suna. Mulukiyyar da suke alfahari da ita lalo ne. Karkade zoɓo ne. Bamiya kuɓewa ce, tamar hindi tsamiya, dum kuwa goruba. Ranar da ɗalibi ya faɗa wa matar maƙwabcinsa cewa uwarsa ma tana miyar lalo, daga ranar ya tashi daga baƙo ya zama ɗan wata, sai ya ga kwano yana hawowa bene.

Zaman bene kansa makaranta ne. Kowane gida yana da “bawwab”, maigadi, galibi mutumin Sa'id ko na Nuba daga kudancin ƙasar, yana zaune da iyalinsa a ɗaki guda ƙarƙashin matakala, ya san wanda ya shiga da wanda ya fita da wanda bai biya haya ba. Mata sukan zuro kwando da igiya daga hawa na biyar, mai kayan miya ya sa tumatir su ja. Mai tukunyar gas yana tafe yana bugun ƙarfe, mai sayen tsofaffin kaya yana kira. Mu da muka tashi a gida mai zaure da tsakar gida, haƙƙin maƙwabci a wurinmu na wanda ke bayan katanga ne. A can kuwa maƙwabci yana bisa kanka, yana ƙarƙashin ƙafarka. Ruwan shanyarka a kan tufafinsa yake ɗiga, jan kujerarka da dare a kunnensa yake. Ranar 12 ga Oktoba 1992 da girgizar ƙasa ta auku, wadda ta halaka fiye da mutum 500, duk wanda ke cikin bene ya gudo titi, babu mai tambayar ɗan wace ƙasa ne kai. Waɗanda suka san maƙwabtansu, a daren nan an neme su, an ƙirga da su. Waɗanda ba su san kowa ba, ba wanda ya san ba su fito ba.

A cikin maƙwabtan nan akwai Ƙibɗawa, Kiristocin Masar, waɗanda da yawansu ake gane su da ɗan zanen gicciye a wuyan hannu. Harshensu ɗaya da Musulmi, suna cewa insha Allah da alhamdu lillah kamar kowa, sau da yawa mai kantin maganin unguwa ɗayansu ne. Ɗalibi ya karanta hukunce-hukuncen zama da Ma'abuta Littafi a takarda. A nan zai ga yadda ake yinsa yau da gobe, da daɗinsa da tsaminsa, ba tare da kowa ya bar addininsa ba. Wanda zai komo ya zauna a Kaduna ko Jos yana bukatar wannan gani.

Kada mai karatu ya zaci duk zuma ce. Baƙar fata yakan gamu da yaran titi masu jifa da sunayen banza, wani lokaci har da manya marasa tarbiyya. Akwai mai mota da zai ninka maka kuɗi don ya ji harshenka, akwai ofishin da za ka yi mako kana zarya a kan takardar izinin zama ana ce maka “bukra”, watau gobe. Waɗannan duka gaskiya ne, suna kuwa da ciwo. Amma mun lura wanda ya fi jin zafinsu shi ne wanda ba shi da aboki ko ɗaya a cikin mutanen ƙasar, domin shi Bamisiren da ya sani kaɗai shi ne wanda ya zage shi. Wanda ya zauna da su ya san cewa tsohon da zai daka wa yaran nan tsawa shi ma Bamisire ne. Ya kuma kamata wannan ciwo ya sa mu dubi yadda mu ma muke yi wa baƙo a garuruwanmu.

Yanzu sai mu zo ga masallaci, inda maganar ta fi nauyi. Yaron da ya tashi a zaure bai san wata sura ta salla ba sai wadda ya gani wurin malaminsa. Ya shiga masallacin unguwa a Alƙahira da asuba, sai ya ji liman ya bayyana bisimilla, ya ga an ɗaga daga ruku'u an ɗaga hannuwa ana alƙunutu a bayyane jama'a suna amin, alhali shi ya san alƙunutu a asirce kafin ruku'u. Karatun ma da ruwayar Hafsu ne, shi kuwa da Warshu ya yi allonsa. A nan ɗalibai sukan rabu biyu. Wani ya ce mutanen nan ba su iya salla ba. Wani kuwa, wanda ya fi yawa kuma ya fi haɗari, ya ce ashe iyayenmu ne ba su iya ba, tun da ga yadda Larabawa ke yi. Dukansu biyu jahilci ne ya yi musu jagora. Abin da ya gani mazhabar Imamu Shafi'i ce, wadda ta yi rinjaye a arewacin Masar, kudancinta kuwa Malikawa ne da yawa kamarmu.

Maganin wannan ruɗu yana nan kusa, tafiyar ƙasa da awa guda. A maƙabartar Ƙarafa, inda kabarin Imamu Shafi'i yake, wanda ya rasu a 204 ta Hijira, a nan aka binne Ibnul Ƙasim da Ashhabu, manyan almajiran Imamu Malik. Shi kansa Warshu, wanda tsofaffinmu ke karatu da ruwayarsa, Bamisire ne, a Masar ya rasu a 197. Mai Ishmawi Bamisire ne, mai Iziyya Bamisire ne, Shaihu Halil mai Muhtasar Bamisire ne, masallacin Shaihu Dardir kuwa yana cikin lungunan da ke bayan Azhar. Imamu Suyuɗi daga Alƙahira ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Ashe karatun zauren da yaro yake jin kunyarsa, rabinsa daga garin nan ya tafi. Wanda ya taka da ƙafarsa ya ga wannan ba zai komo ya tsaya a masallacin unguwarsu yana ɓata sallar kakansa ba.

Haka kuma zama da mutane ne kaɗai ke koya wa ɗalibi raba addini da al'ada, domin muddin mutum bai ga al'adar wasu ba, tasa yake ɗauka addini, in kuwa ya ga ta Larabawa daga nesa sai ya ɗauka ita ce addinin. Ran bakwai ga haihuwa Misirawa suna bikin da suke kira “subu'u”: a sa jariri cikin rariya, a riƙa buga turmin tagulla kusa da shi, a watsa gishiri. In an yi mutuwa akan kafa babbar rumfa a titi, a ɗauko mai karatu, a raba gahawa marar sukari, a kuma sake taruwa ran arba'in. Ran Litinin da ke bin Istar Ƙibɗawa duk gari yakan fita lambuna cin kifi mai gishiri, suna kiran ranar Shammun Nasim. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya zama addini don Balarabe ya yi shi, malamansu ma suna da magana a kan waɗansu, kamar yadda namu ke da magana a kan bidi'o'in suna da na zaman makoki. A wajen aure kuma, su nauyinsu shi ne gidan zama da zinariyar da suke kira “shabka” da takardar jerin kayan ɗaki da ango ke sa wa hannu, har saurayi ya kai shekara talatin da wani abu bai yi aure ba. Mu kuwa namu lefe ne da gara. Ciwo ɗaya ne, tufafinsa ne dabam.

Ga misali guda na fiƙihu. Malikawa sun ce zakkar fid da kai daga abincin da ya rinjaya a gari ake fitarwa, shi ya sa muke auna gero da dawa da masara. A Alƙahira kuwa mutumin da ke hawa na tara ba shi da rumbu, ba shi da turmi, gurasa yake saye kullum, don haka fatawar da aka fi bi a can ita ce ta Hanafawa ta ba da ƙima, gidan fatawa na ƙasar yana sanar da adadin kuɗin kowace shekara. Wanda ya haddace fatawar bai ga benen ba, zai komo ƙauyen da kowa ke da rumbu ya ta da rigima a banza. Imamu Ƙarafi, Bamalike Bamisire da ya rasu a 684, ya yi dogon bayani cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada yana sauyawa in al'adar ta sauya, ya kuma gargaɗi mai fatawa da kada ya ɗora wa baƙo al'adar garinsa, sai ya tambaye shi ta garinsu. Ana yawan kafa hujja da sauyin mazhabar Shafi'i bayan zuwansa Masar a kan wannan. Gaskiyar magana mafi yawan sauyin nan saboda hujjojin da ya sake dubawa ne, ba al'ada kaɗai ba, kada a wuce da maganar inda ta tsaya.

Watan azumi kuwa ba ya bukatar dogon bayani, sai gani. Yara da fitilunsu, igwar buɗa baki, mai ganga yana zagaya unguwa da dare yana ta da mutane sahur yana kiran sunayensu. Abin da muka fi so a ɗauko shi ne “ma'idatur Rahman”: tebura a jere a bakin titi, attajiri ko 'yan kasuwar layi sun ɗauki nauyi, kowa ya zo ya zauna, direba da ɗan sanda da ɗalibi baƙo, ba a tambayar kowa. In magariba ta kama ka a mota, sai ka ga samari suna miƙo dabino da ruwa ta taga. Ba a sa mai bukata ya yi layi a ƙofar gida da kwano a hannu, zaunar da shi ake yi a kujera a kawo masa.

To, akwai masu cewa in an sake wa yaro wannan ƙofa zai lalace. Tsoronsu yana da tushe. Mun ga waɗanda gidan shayi ya cinye, daga shisha sai kallon ƙwallon Ahli da Zamalik, mun ga waɗanda suka shiga fataucin jallabiya da turare har jarrabawa ta riƙa wuce su, shekara goma ba shahada ba komowa. Amma waɗannan ba shiga mutane ne ya kashe su ba, rashin sanin abin da ya kawo su ne, irinsu kuwa ko an kulle su a ɗaki za su sami hanyar lalacewa. Abin da muka ga ya yi wa na kirki amfani kaɗan ne, ba ya kuwa cin lokacin karatu. Su riƙe masallacin unguwa guda har liman da ladan su san fuskarsu. Su yi cefanensu da kansu. In an yi rasuwa a benensu su sauko su zauna a rumfa. In abokin karatu Bamisire ya gayyace su ƙauyensu hutun Salla, su je, domin Masar ta gaskiya tana can cikin gonakin Delta da Sa'id, inda za su ga manomi da saniyarsa da tulunsa kamar na Gumel. Ran Alhamis da yamma kuwa, in an tashi daga darasi, su bi ta Darbul Atrak bayan Azhar, layin masu littattafai, su zauna wurin tsofaffin masu kantunan nan. Da yawansu sun san bugu mai kyau da marar kyau fiye da ɗalibin digiri, in kuwa suka ji an ce Kano, akwai wanda zai tashi ya ɗauko Iziyya mai rawayar takarda, irin wadda ake sayarwa a Kasuwar Kurmi, ya sa a kawo shayi.